Tsohon kwastoma da sabo a kamfanonin wuta da gas na Birtaniya: wa ya fi biya?

Hajiya, kin ce kin daɗe da kamfani ɗaya a Birmingham, maƙwabciyarki kuwa ta koma wani kamfanin kwanan nan, kuma bil ɗinta bai kai naki ba. Tambayarki ita ce ko sababbin shiga ake yi wa rangwame a bar tsofaffi da tsada, kuma ko doka ta yarda da haka.

A da haka ake yi, babu ko ɓoyo. Sabon kwastoma a jawo shi da farashi mai sauƙi na shekara guda, wani lokacin ma ƙasa da yadda kamfanin ya sayo wutar. Tsoho kuwa, da wa'adinsa ya cika sai a zarce da shi kan farashin gama-gari mai hawa da sauka, wanda ya fi kowanne tsada, ribar da aka rasa a wurin sabo a fanshe a kansa. A 2016 hukumar CMA mai sa ido kan gasar kasuwanci ta ƙiyasta cewa kwastomomin manyan kamfanoni shida suna biyan rarar kusan fam biliyan 1.4 a shekara. Su wa ke biyan wannan kuɗi? Akasari dattawa, da masu ƙaramin ƙarfi, da waɗanda ba su saba da intanet ba. Abin da ya fi ɓata mini rai ke nan a tsarin, domin wanda ya fi buƙatar sauƙi shi ake tatsa.

Matakai biyu suka sauya lamarin. A Janairun 2019 aka sa wa farashin gama-gari iyaka, hukumar Ofgem mai kula da harkar wuta da gas ce ke yanke ta. Sai kuma rikicin 2021, lokacin da gas ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya, kamfanoni kusan talatin suka durƙushe, har da Bulb mai kwastomomi sama da miliyan ɗaya da rabi, wanda daga baya kamfanin Octopus ya karɓa. Da yawansu arhar da suka yi wa sababbin shiga ce ta kai su ƙasa, asarar kuma aka rarraba ta a kan bil ɗin kowa. A Afrilun 2022 Ofgem ta hana kamfani fitar da farashin da sababbi kaɗai za su samu. Duk abin da ya tallata don jawo baƙo, dole ya buɗe shi ga na gida.

Hanin nan gefe ɗaya ya kama. Kamfani na da damar ware wa tsofaffin kwastomominsa farashi na musamman don kada su tafi, wanda sabo ba zai samu ba. Wato a kan takarda ke ce kike da fifiko a kan maƙwabciyarki. Sai dai dokar ta wucin gadi ce, tsawaita ta ake yi lokaci bayan lokaci, kuma akwai masu cewa ta kashe gasa, kamfanoni sun daina karya farashi tunda za su karya wa kowa. Akwai gaskiya a maganarsu, amma ni ina bayan dokar, don arhar da ake samu daga aljihun tsohuwar da ba ta iya sauya kamfani ba, ba arha ba ce.

To me ya sa bil ɗinta bai kai naki ba? Mafi kusa shi ne ita ta shiga yarjejeniyar tsayayyen farashi, ke kuma kina kan na gama-gari. A nan ainihin bambancin yake. Naki ana sake duba shi duk wata uku, a Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba, yana iya hawa yana iya sauka, kuma za ki iya tafiya ranar da kika ga dama ba tare da biyan ko kwabo ba. Nata ba ya motsi har wa'adi ya cika, yawanci wata 12, amma idan kasuwa ta sauko ita tana nan inda take, in kuma ta ce za ta fice da wuri akwai kuɗin ficewa a yawancin irin waɗannan yarjejeniyoyi. A cikin kwana 49 na ƙarshe dai doka ta hana a caje ta.

Ki kula da wani abu da ke ruɗa mutane da yawa. Iyakar Ofgem ba ta nufin bil ba zai wuce wani adadi ba. Abu biyu take tsarewa: kuɗin kowane yunit, da kuɗin kullum da ake cira ko da an rufe gidan an tafi Kano hutu. Adadin da jaridu ke bugawa lissafi ne na matsakaicin gida, wanda a Oktoban 2023 aka ɗauke shi a kan yunit 2,700 na wuta da 11,500 na gas a shekara. Gidan da ake girki safe da yamma, ga yara, ga hita a lokacin sanyi, zai wuce nan. Saboda haka kada ki gwada abin da ake cire mata a banki duk wata da naki, wannan ƙiyasi ne kawai. Ku ajiye bil biyu a kan tebur, ku nemo layin da aka rubuta kuɗin yunit da na kullum, su za ku gwada. Yadda ake biya ma yana da tasiri: mai barin a cira daga banki kai tsaye ya fi mai jira bil ya zo sannan ya biya samun sauƙi.

Sauran bambancin ba shi da yawa. Sabo yana da kwana 14 da zai iya fasawa, ana kammala sauyin cikin kwanakin aiki biyar, wasu kamfanonin kuma suna ba da ɗan tukuici idan wani ne ya kawo shi. Ke ma idan kika sa hannu a sabuwar yarjejeniya ta waya ko intanet kina da wannan dama ta fasawa. Inda tsoho ke samun cikas shi ne bashi. Idan kamfani na bin ki kuɗin da ya wuce kwana 28, yana iya hana ki tafiya sai kin biya. Mai mitar kati kuwa zai iya sauya kamfani da bashin da bai wuce fam 500 ba a wuta, haka ma a gas, bashin ya bi shi can.

Akwai kuma wanda ya tare a sabon gida, kamar ɗalibanmu da ke zuwa duk Satumba. Shi sabo ne, amma daga ranar da ya karɓi makulli yana kan farashin gama-gari na kamfanin da ya tarar, ko bai sa hannu a komai ba. Ya ɗauki hoton mita a ranar, kada a ɗora masa abin da na baya ya sha. Duk wannan bayani ya shafi gidaje ne a Ingila, Scotland da Wales. Ireland ta Arewa tana da hukumarta daban, shaguna da ofisoshi kuma iyakar farashin ba ta hau kansu ba.

Shawarata, Hajiya, kafin ki tafi ki kira kamfaninki, ki ce su faɗa miki mafi sauƙin farashin da suke da shi, har da wanda suka ware wa tsofaffi, sannan ki gwada da na waje a kan yunit ɗin da kika sha a shekarar da ta wuce. Idan suka ce wani farashi na sababbi ne kaɗai, ki shigar da ƙorafi a rubuce. In mako takwas ya wuce ba su warware ba, ki kai maganar ofishin Energy Ombudsman mai sasanta kwastoma da kamfanin wuta, ba a biyan kuɗi a can.