Tantance Bakteriyar Hanjin Dodon Koɗi: Wace Hanya Ce Ta Cancanci Kuɗinka?

Duk mai shirin binciken bakteriyar da ke hanjin dodon koɗi, ko ɗan ƙaramin nan na lambunan Turai, Cornu aspersum, ko manya irin su Archachatina marginata da ake kiwo a kudancin Najeriya, ya kamata ya yanke shawara ɗaya kafin ya biya ko kwabo. Jerin sunaye kawai yake so, ko ƙwaya mai rai da zai ci gaba da aiki da ita?

API 20E, kayan gwajin gane bakteriya na kamfanin bioMérieux, ya fi sauƙin samu. Faranti ne na roba mai 'yan ramuka 20. Ka ɗiga ƙwayar, ka jira awa 18 zuwa 24, launuka su sauya, ka fitar da lamba mai alƙaluma 7, ka duba suna a kundi. Sai dai kundin nan domin asibiti aka tsara shi, domin ƙwayoyin da ke kwantar da ɗan Adam. Hanjin dodon koɗi duniya ce daban. A 1996 aka bayyana sababbin nau'o'i 6 na bakteriyar da ake kira Buttiauxella, mafi yawan samfuransu daga dodon koɗi da danginsa marasa ƙoƙo. Farantin ba zai rarrabe maka su ba, yana ma iya ba ka sunan wasu bakteriya daban, irin su Citrobacter ko Enterobacter. Wannan ne ke damuna, domin suna maras tushe idan ya shiga kundin digiri, wani zai kwafa.

MALDI-TOF, gwajin da ke gane ƙwaya ta hanyar auna furotin ɗin jikinta, na Bruker ko VITEK MS, cikin 'yan mintoci yake ba da amsa, kuma kowane gwaji ba shi da tsada. Na'urar ce ba ta sayuwa ga ɗalibi, sai dai ka kai samfur inda suke da ita. A na Bruker, maki 2.0 zuwa sama ne ake ɗauka ya kai matakin nau'i. Shi ma abin da ke kundinsa kaɗai ya sani.

Inda nake ganin kuɗi ya fi yin amfani shi ne karanta 16S, wani sashe na ƙwayar halitta (DNA) da ake gane bakteriya da shi, ta hanyar karatun DNA da ake kira Sanger. Tsawonsa kusan harufa 1,500 ne, ana ninka kwafinsa da gajerun guntayen DNA da ake kira 27F da 1492R, sannan a kwatanta sakamakon a rumbun bayanai na NCBI ko EzBioCloud. Kamanni na kashi 98.7 cikin ɗari shi ne iyakar da aka saba amfani da ita wajen raba nau'i da nau'i. Amma dangin Enterobacter da Citrobacter da Klebsiella sun yi kusa da juna ƙwarai a wannan sashe, don haka ka ware kuɗin ƙara karanta wani sashen DNA, gyrB ko rpoB, a kan 'yan kaɗan da suka fi muhimmanci.

Illumina MiSeq kuwa, na'urar da ake karanta yankunan V3 da V4 na 16S da ita, zai nuna maka taron hanjin gaba ɗaya, har waɗanda ba sa tsirowa a faranti. Yawanci a matakin jinsi yake tsayawa, wato bai kai ga nau'i ba, kuma ba ya bar maka ƙwaya ko ɗaya a hannu. Mai neman bakteriyar da ke narkar da ganye ba zai ƙaru da shi shi kaɗai ba. MinION na Oxford Nanopore yana karanta 16S ɗin duka, amma sai da wanda ya iya sarrafa bayanan a kwamfuta.

Ga mai ƙaramin aljihu, ga shawarata: ka goge ƙoƙon da sifirit mai ƙarfin kashi 70, ka shuka abin da ke cikin hanjin a farantin renon bakteriya na MacConkey da wani faranti na gama-gari, ka ajiye a zafin digiri 25 zuwa 30, domin jikin dodon koɗi ba ya riƙe digiri 37 irin namu. Ka tace ƙwayoyin da suka tsiro da gwaje-gwajen farko masu sauƙi, wato na Gram da na oksides, ka zaɓi waɗanda suka bambanta, su kaɗai za ka tura Sanger. Kafin ka biya kowane kamfani, ka nemi ya yarda zai ba ka ainihin fayilolin karatun, ba sunaye kawai ba, kuma ka tanadi firiza mai tsayayyar wuta inda za ka adana ƙwayoyinka a gilisarin har sakamako ya dawo.