Faifan Daft Punk huɗu: wanne za a fara da shi?

Duk wanda zai fara sauraron Daft Punk, shawarata ya fara da Discovery na 2001, kada sunan lambar yabo ta Grammy ya ja shi zuwa Random Access Memories na 2013. Ni a makare na san su, bayan sun raba gari a Fabrairun 2021, lokacin da wani mai tura waƙoƙi a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya zuba mini faifansu huɗu a waya. Faransawa ne su biyu, Thomas Bangalter da Guy-Manuel de Homem-Christo, sun kafa ƙungiyar a Paris a 1993, daga baya suka koma rufe fuska da hular kwano irin ta mutum-mutumi.

Homework na 1997 kiɗa ne tsagwaronsa, a ɗakin kwanan Bangalter aka haɗa shi. A "Around the World" kalmomi uku kacal ake ta nanatawa har minti bakwai, amma a ƙarƙashinsu kiɗa yana ta sauya salo, wannan ya shigo, wancan ya fice. Sai dai faifan yana son babbar lasifika. A sifikar waya, "Rollin' & Scratchin'" ba ta da maraba da injin markaɗe, har maƙwabcin shagona ya leƙo yana cewa, "Malam, wayarka ce ta lalace?" Da na jona shi da lasifikar shago kuwa, sai ga dukan gangar yana taɓa ƙirji.

Discovery ne ya kama ni, kuma ina jin zai kama duk Bakano. Kunnenmu ya saba da muryar da aka bi da ita ta kwamfuta a waƙoƙin fim na Hausa, don haka muryar Romanthony a "One More Time" ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Bambancin shi ne su ba ɓoye kaushin murya suke yi da na'urar ba, wasa suke yi da ita. A "Harder, Better, Faster, Stronger" muryar ana yanka ta gunduwa-gunduwa, ana ja ana saki, har ta koma kayan kiɗa. Ita ce Kanye West ya ɗauka ya gina "Stronger" a 2007. Ko a cunkoson Ƙofar Nasarawa kake cikin adaidaita sahu, da iyafis mai arha, faifan nan ba ya rasa armashi.

Human After All na 2005 cikin mako shida aka naɗe shi, kuma gaggawar ta nuna. "Technologic" kaɗai na bari a wayata.

Random Access Memories na 2013 shi ne mai tsafta. A nan sun ɗauko makaɗa na gaske, ga jitar Nile Rodgers da muryar Pharrell Williams a "Get Lucky", ga tsohon mai haɗa kiɗa Giorgio Moroder yana ba da labarin rayuwarsa a waƙar minti tara. Shi ya ci Grammy na faifan shekara a 2014. Aikin ya yi kyau ƙwarai, amma ya haura minti 70 kuma tsakiyarsa na da sanyin jiki. Na zama ne da daddare, ba na rawa ba.

Idan za a tura maka, ka ce a ba ka manyan fayiloli. Waɗanda aka matse don su yi sauƙin turawa suna rage ingancin sautin.