Kan shishata ya karye a wuya: sharhi kan gyaransa da ingancin kawunan da na gwada

Kan shisha wuri biyu yake karyewa. Ko dai wuyan da ke zama a kan robar da ke haɗa shi da tukunya ya ɓalle, ko kuma kokon da ake zuba filebo a ciki ya tsage. Kafin mutum ya sayi gam ko ya tambayi kowa shawara, ya fara duba inda karayar take, domin a nan amsar ko zai gyaru take gaba ɗaya. Nawa a wuya ya karye, ƙasa da kokon da kamar faɗin yatsa biyu, bayan an fizgi tiyo tukunyar ta kife a kan tayil. Kan Masar ne na jar ƙasa, wanda na saya a unguwar masu ginin tukwane ta Fusɗaɗ a Alƙahira, kuma ya daɗe a hannuna har ya yi baƙi ya sha ƙamshin tuffa. Shi ya sa ban jefar da shi ba.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne zafin da wannan ɗan kasko yake ɗauka. Inda gawayi ke zaune a kan foyil, zafi yana kaiwa wajen digiri 450 a ma'aunin Salshiyos. Tabar da ke ƙasa ba ta kai haka ba, amma tana wuce zafin tafasasshen ruwa, kuma jikin kokon yana riƙe wannan zafi na tsawon awa guda ko fiye. Wuya kuwa ɗumi kawai yake yi, musamman can ƙasa kusa da roba. To, sufa gulu da kowa ke fara tunawa da shi, yawancin irinsa yana sakin jiki tun wajen digiri 80. Wani abokina ya liƙa bakin nasa kan da shi, gawayi na hawa sai ga wani wari mai yaji da ke sa ido hawaye, kuma ɓallin ya faɗo kafin a gama zama. Gam mai haɗi biyu, wanda ake kwaɓa ruwa biyu a haɗa, ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma na kasuwa da aka saba da shi shi ma yana laushi idan zafi ya daɗe a kansa, kuma babu wanda ya yi shi don a zuƙi iskar da ta bi ta kansa zuwa huhu.

Ni da jan silikon na yi aiki, wanda kanikawa ke shafa wa gasket ɗin inji. An rubuta a jikin kwalinsa cewa yana jure zafin da ya kai wajen digiri 300, kuma idan ya bushe roba yake zama, ba ya ƙwanƙwamewa ya fashe. Amma aikin bai fara daga gam ba, daga wanki ya fara, kuma a nan ne yawancin gyara ke lalacewa. Yumɓun da ba a rufe da gilashi ba yana shan ruwan filebo, wato zuma da gilisirin, har cikin jikinsa. Idan ka duba bakin karayar za ka ga ya yi duhu yana maiƙo. Babu gam ɗin da zai kama wannan. Sai na jiƙa ɓallayen biyu a ruwan zafi, na goge da burushi, na sake ruwan har ya daina canza launi, sannan na shanya su a rana har suka bushe ƙarau. Ƙasa tana ɓoye laima, ko da waje ya bushe ciki na iya kasancewa a jiƙe, saboda haka gaggawa ba ta da amfani a nan.

Da suka bushe na haɗa su haka nan ba gam, don in ga yadda bakin ya zauna da juna. Sannan na shafa silikon ɗin siriri a gefen waje na karayar kawai, na bar gefen da ke kallon ramin hayaƙi babu komai, na matse, na ɗaure da roba daga sama zuwa ƙasa. Daga baya na zagaye wajen da wani shafi, na naɗa siririyar wayar jan ƙarfe a kai don ta tallafa. Wannan silikon yana fitar da wari kamar na ruwan tsami yayin da yake bushewa, don haka na bar shi a waje har warin ya ɗauke sarai, ba kwana ɗayan da aka rubuta a kwali kaɗai ba.

Gwajin da ya fi muhimmanci mai sauƙi ne: ka toshe bakin kokon da tafin hannu, ka hura ta ƙasa. Idan iska ta sami hanya, gyaran bai yi ba, domin kan da ke shan iska ta gefe ba ya jan zafin gawayi ya ratsa taba, hayaƙi sai ya fito siriri ba daɗi. Nawa ya riƙe. Yana aiki har yanzu, ɗanɗanon bai canza ba, amma gaskiya sai a hankali. Ba a murɗa shi wajen cirewa, sai a kama ƙasan wuyan a ɗaga a miƙe. Jan zoben nan kuma ba shi da kyan gani ko kaɗan. Idan da kan kasuwa ne da babu wani abin tunawa a tattare da shi, kuɗin silikon da wahalar wanki sun kusa kuɗin sabo.

Idan ɗan ɓalli ne a leɓen koko, ba ya buƙatar gam. A goge kaifin da samfefa don kada ya yaga foyil, a ci gaba da amfani. Idan kuwa tsaga ta ratsa cikin kokon, ko ta bi tsakanin ramuka, shawarata a jefar. Ruwan filebo zai bi tsagar, zafi zai ƙara buɗe ta, kuma duk abin da aka cusa a wurin zai dahu tare da taba.

Lokacin da nake jiran kan da na gyara ya bushe ne na koma kan sauran kawunan da nake da su, kuma bambancin ya fito mini fili fiye da da.

Mai ƙyalli da ke zuwa kyauta a cikin kwalin tukunya mai araha shi ne mafi rauni. Ba shi da nauyi, bangonsa siriri ne, kuma idan ka duba gefensa za ka ga layin da ke nuna zuba shi aka yi a mazubi, ba a gina shi da hannu ba. Yana ɗaukar zafi nan take, ya ƙona saman taba ya bar ƙasa ɗanye, kuma da ka ɗage gawayi ya huce. Rufin gilashinsa yana yin ƙananan tsagogi kamar gizo ya yi saƙa, baƙin ruwa ya shige ciki ya ƙi fita. Abin da ya fi damuna da shi ma ba ɗanɗano ba ne. Sananne ne cewa wasu tangaran masu araha da ake gasawa a wuta mara ƙarfi ana sa dalma a rufinsu don ya narke da wuri ya yi sheƙi, kuma irin waɗannan kawuna ba sa zuwa da wata shaida da ke nuna abin da aka shafa musu. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, bai kamata mu ɗauki wannan da wasa ba.

Na Masar mara rufi, irin wanda na gyara, yana da ramuka huɗu zuwa shida a ƙasa. Yana raba zafi daidai, ƙasar tana shan laimar da ta yi yawa, kuma da taba mai ɗan bushewa irin Nakhla babu kamarsa. Illarsa biyu. Yana riƙe ƙamshi, kan da ya saba da tuffa ba zai taɓa ba ka na'ana'a zalla ba, sai ka ware wa kowane filebo nasa. Sannan idan tabar mai ruwa ce, ruwan yana zuba ta ramukan ya ɓata ƙarfen ciki da ruwan tulun. Ingancinsa kuma ba ɗaya ba ne, tunda hannu ke yi: wani ramukansa a karkace, wani gindinsa bai zauna daidai ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne mai tsini a tsakiya da rami ɗaya a saman tsinin, samfurin da kamfanin Tangiers na Amurka ya yaɗa, yanzu kuma ana yin irinsa a Rasha da Jamus da wurare da dama. Ruwan filebo yana zama a cikin kokon, ba ya gangarawa, don haka taba mai laima irin Al Fakher ko Adalya tana daɗewa ba ta bushe ba. Masu kyau daga cikinsu ana gasa su a zafin digiri 1200 zuwa 1300, inda ƙasa ke haɗewa ta zama kamar dutse ta daina shan ruwa, alhali jar ƙasa ta yau da kullum ana tsayar da ita wajen 1000 ko sama kaɗan. Irin wannan gashi mai ƙarfi ne aka riƙa yi a cibiyar tukwane ta Suleja inda shahararriyar mai ginin tukwane Ladi Kwali ta yi aiki, don haka ba wani sirri ba ne da ya gagari ƙasarmu. Yana da nauyi, yana jinkirin ɗaukar zafi, sai ka ba shi mintoci kafin ka fara ja, amma idan ya ɗauka ya riƙe. Yana da tsada, kuma idan ya faɗi a kan tayil shi ma fashewa zai yi.

Na silikon ba ya fashewa, iyakar abin da zan yaba masa ke nan. Ba ya riƙe zafi, kuma wari yana maƙale masa.

Dole in faɗi wani abu da masu sayarwa ba sa faɗa. Kyakkyawan kai yana hana ƙauri da ƙonewar taba, amma ba ya tace komai. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid ko a kan wane kai aka ɗora shi, kuma ruwan tulu ba ya wanke ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2005 cewa zaman shisha na awa guda na iya sa mutum ya zuƙi hayaƙin da yawansa ya ninka na karan sigari ɗaya sau 100 zuwa 200. Duk wanda zai kunna, kada ya yi a ɗakin da ke rufe, kuma kada yara su kasance a wurin.

Wajen saye, ka ɗauki kan a hannu ka ji nauyinsa, sannan ka ƙwanƙwasa shi da farce yadda mata ke gwada randa a kasuwa. Wanda ya gasu sosai yana amsawa da ƙara mai zaƙi, mai ɓoyayyar tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Ka duba kaurin wuya, ka tabbata bakin ya daidaita don foyil ya miƙe. A gida kuma kada a zuba wa kai ruwan sanyi yana da zafi, wannan yana tsaga ko da mafi tsada ne, kuma a ɗan jiƙa robar kafin a zaunar da shi don kada a danna wuyan da ƙarfi. Ni dai mai tsinin nan na mayar na kullum, na Masar da aka ɗaure kuwa na bar shi wa tuffa kaɗai, mai ƙyallin kuma na daina ɗora masa wuta.