YNAB: tana taimakon mai bashi, amma ba kyauta ba ce

Masu tambaya ko YNAB (You Need A Budget), manhajar tsara kasafin kuɗi, za ta fitar da mutum daga bashi, ga dai abin da na gani. Wani Ba'amurke ne mai suna Jesse Mecham ya fara ta a 2004 yana ɗalibi, lokacin ma ba manhaja ba ce, lissafi ne kawai a Excel da ya tsara wa gidansa, daga baya ta koma waya da intanet.

Dokarta ɗaya ce ta fi burge ni: kuɗin da ke hannunka yanzu kaɗai za ka kasafta. Albashin da bai shigo ba, ko bashin da wani ya ce "wallahi gobe zan turo maka", ba ruwanta da su. Kana buɗewa za ka ga jimillar abin da kake da shi a sama, sai ka yi ta rabawa, haya kaza, makarantar yara kaza, magani kaza, har ya koma sifili. In ka wuce gona da iri a wani wuri sai wurin ya yi ja, dole ka ɗebo daga wani ka cike, kuma a nan ne fa mutum yake ganin ashe sabon takalmin nan kuɗin wuta ya cinye.

Wajen katin bashi kuwa gaskiya sun yi tunani. Ka sayi abu da katin, nan take za ta cire kuɗin daga kason da ka ware ta ajiye su gefe don biyan katin, to ranar biya ba zare ido, kuɗin na nan. In kuma ka kashe abin da ba ka tanada ba, za ta nuna maka ƙiri-ƙiri cewa sabon bashi ka ci. Akwai kuma inda za ka saka rance da kuɗin ruwansa ka ga watanni nawa za su ragu in ka ɗan ƙara abin da kake biya duk wata. Wannan wurin kam yana sa mutum zuciya.

Sai dai fa ba kyauta ba ce, kwana 34 suke bayarwa na gwaji daga nan sai biyan wata-wata ko na shekara, kuma wanda bashi ya shaƙe ƙarin wani biyan ba ƙaramin abu ba ne. Haɗa ta da banki ma ba a kowace ƙasa yake aiki ba, sai dai ka riƙa shigar da komai da hannu, ni hakan bai dame ni ba don rubutawar ce ma ke sa ka ji zafin kuɗin. Da Turanci take, kuma makon farko sai ta ɗan rikita ka.

Mata da miji za su iya amfani da rajista ɗaya, kowa na ganin abin da ya fita. Wanda aljihunsa bai kai ba ya yi gwajin kwana 34 ɗin nan ya koyi tsarin sosai, sannan ya ci gaba a Google Sheets ko littafi da biro.