Fastar jadawalin sinadarai da na siyo wa yarana, ga yadda na same ta

Ni dai ina koyar da kemistiri a lesin ɗin yamma, yara 'yan SS2 da SS3 masu shirin WAEC da JAMB, kuma wlh na gaji da zana jadawalin nan a allo kullum, kafin in kai kalsiyam rabin lokacina ya tafi. Shi ya sa kwanaki da na shiga Sabon Gari siyen alli da maka na ga wata babbar fasta a rataye a wani shagon littattafai, an yi mata leda gaba da baya, na ce a sauko min da ita. Yanzu ta yi wajen wata uku a bango, tou bari in faɗi abin da na gani dan masu niyyar siya.

Abin da ya fi burge ni, kowane gida ba suna da lambar atam kawai aka sa ba, har da ƙarfin da ake buƙata kafin a fizge ilektiron na farko, da girman atam, da kwaɗayin ilektiron a ma'aunin Pauling. Wannan ne ya sa na ce kuɗina bai tafi a banza ba. Da can in na ce wa yara atam yana ƙanƙancewa in kana tafiya daga hagu zuwa dama a layin kwance, haddacewa kawai suke yi kamar karatun aku, amma yanzu sai in kira yaro in ce sa yatsanka a kan sodiyam ka bi layi na 3 kana karanta min lambobin ƙarfin fizge ilektiron ɗin. Sodiyam 496, kolorin 1251, agon 1521. Da bakinsa zai ce malam ai ƙaruwa yake, sai in ce tou me ya sa, daga nan mu shiga bayanin cewa furoton na ƙaruwa a tsakiya amma zagayen ilektiron ɗin guda ukun nan ne dai ba ƙari, dole tsakiyar ta ƙara janyo su jikinta, atam ya matse, ƙwace ilektiron daga hannunsa ya yi wuya. In kuma ka gangaro ƙasa daga lithiyam zuwa sodiyam zuwa fotasiyam, zagaye ne ke ƙaruwa, ilektiron na waje ya yi nisa da tsakiya, fizge shi ba wahala.

Sai dai a nan ne kuma na ga matsalar da ta fi damuna. An zana wata ƙatuwar kibiya ja a sama wai ƙarfin yana ƙaruwa daga hagu zuwa dama, shikenan ba wani ƙarin bayani. Wata ɗalibata mai lura sosai, ran nan tana tsaye gaban fastar da biro a baki, ta juyo ta ce malam an yi kuskure a nan, magniziyam 738 ne amma alminiyam da ke gabansa 578, ya aka yi ya koma baya? Na ce Hajiya ƙarama ba kuskure ba ne, duba fosfaras da salfa ma, 1012 da 1000. Wallahi ranar na ji daɗi har cikin raina, dan irin wannan tambayar nake nema. Ilektiron na ƙarshe na alminiyam ya shiga sabon ɗaki ne na 3p wanda ya ɗan fi nisa, shi kuma na salfa ya tarar da wani a ɗakin sun matsu suna ture juna, sai fitarsa ta yi sauƙi. Masu saita tambayoyin jarabawa suna son wuraren nan sosai, kuma yaron da ya dogara da kibiyar kawai zai faɗi. Layi biyu na bayani a ƙasan kibiyar da ya wadatar, ga fili nan fari fes amma ba su yi ba.

Na biyu, fastar tsohon bugu ce. Layi na 7 a ƙasa har yanzu akwai sunayen wucin gadi Uut da Uup da Uus da Uuo, alhali tun 2016 IUPAC, ƙungiyar masana kemistiri ta duniya, ta raɗa musu suna, 113 nihoniyam, 115 moskobiyam, 117 tenesin, 118 oganeson. Ni da kaina na yanko takarda na rubuta Nh, Mc, Ts, Og na manna da salatif. Kuma lambobin layin tsaye na Romawa ne kaɗai, babu 1 zuwa 18, yaro ya buɗe intanet ya ga an ce kolorin na rukuni na 17 sai ya rikice dan shi VII ya sani.

A gefen dama akwai ɗan hoton Mendeleev da shekarar 1869, na so hakan, dan ya ba ni ƙofar ba su labarin yadda mutumin Rashan nan ya bar gurabe a jadawalinsa ya ce akwai sinadaran da ba a gano ba tukuna, aka zo aka gano galiyam a 1875, jamaniyam a 1886, kuma siffofinsu suka zo kusan yadda ya faɗa. Amma ba su ambaci Moseley ba, wanda a 1913 ya nuna lambar atam, wato yawan furoton, ce ke tsara jerin ba nauyi ba, shi ya sa agon ya riga fotasiyam duk da ya fi shi nauyi.

Ta wajen ƙwari ba laifi, ƙura in ta hau tsumma mai danshi kawai nake gogawa, amma ledar ta fara ɗagowa ta kusurwar da rana ke bugu ta taga, dan haka kar a rataye ta inda zafi ke dukanta. Rubutun layuka biyun nan na sinadarai da ake warewa can ƙasan jadawalin ƙanana ne sosai, na bencin baya ba ya gani sam.

Malami ko uban da zai zauna da yaro ya yi masa bayani, ya siya, za ta yi amfani matuƙa. Amma kafin ka biya kuɗi ka sa a warware maka ita a shagon ka duba gida na 118, in ka ga Og sabon bugu ne ka ɗauka, in Uuo ka gani ka tambaya ko akwai wata a sito.