Jirgin Gombe zuwa Abuja: ma'aikata sun iya aiki, farashi da lokaci kuwa sai addu'a

Masu tambayata yaya jirgin da nake hawa daga Lawanti, filin jirgin Gombe, zuwa Abuja yake, toh ga abin da na gani, sunan kamfanin dai ba zan kama ba. Tauraro uku na ba su cikin biyar, kuma wallahi ukun nan ma'aikatan cikin jirgi ne suka ciwo musu. Akwai wata dattijuwa da za a kai asibiti, ba ta taɓa hawa ba jikinta sai rawa yake, ma'aikaciyar ta durƙusa ta ɗaura mata bel tana cewa Mama ki kwantar da hankalinki, in kunne ya toshe ki haɗiyi yawu kawai. Ciki tsaf, sanyi daidai, wajen awa ɗaya kun sauka. Ɗan kwalin da suke rabawa kuwa biskit ne da ruwa, ka ci abincinka tun daga gida.

Inda suka ɓata min rai shi ne lokaci. Ka sayi tikitin safe, da daddare kana shirin kwanciya sai ga saƙo a waya wai an mayar da tashi yamma, ka je da yamman ma ku zauna kuna kallon juna har a kira magariba babu wanda zai fito ya muku bayani, wanda ke kan kanta ma cewa yake Alhaji nima jira nake. Ga tikitin zuwa kaɗai ya haura dubu ɗari, in ka bari sai ana gobe tafiya kuwa sai dai ka rufe ido ka biya.

Wasu na cewa ai laifin sakin harkar ne ga 'yan kasuwa, gara zamanin Nigeria Airways, kamfanin jirgin gwamnati. Ni ban yarda ba gaskiya, wancan bashi da rashin kula suka cinye shi har aka rufe a 2003. Da aka buɗe ƙofa a shekarun 1980 ne aka samu su Kabo na Kano da Okada, daga baya Chanchangi da Albarka da Bellview, mutane suka samu zaɓi. Yawancinsu sun mutu kam, Arik ma AMCON, hukumar gwamnati mai karɓo basussukan da suka maƙale, ta karɓe shi a 2017, don sana'a ce da ake sayen kayan gyara da dala a sayar da tikiti da naira, ga tsadar man jirgi. Amma gasa tana aiki inda take, ku duba yadda kuɗin Legas zuwa Landan ya sauko da Air Peace ya fara zuwa a Maris 2024, kamfanonin waje da kansu suka rage.

Matsalarmu a nan gasar ce ba ta iso ba. Legas zuwa Abuja jirage na tashi tun asuba har dare, wannan ya ɓata maka ka koma wancan. Mu kuwa ɗan abin da ke zuwa bai taka kara ya karya ba, in ka yi fushi ina za ka? Sai dai ka bi mota ta Bauchi da Jos ka wuni a hanya, kuma sun san haka.

A Amurka ma da Jimmy Carter ya sa hannu a dokar sakin harkar a 1978, gwamnati ta daina tsara farashi da hanyoyi, tikiti ya yi sauƙi, masu araha irin Southwest suka bunƙasa, manya irin Pan Am da Eastern suka durƙushe a 1991, yanzu kuma kamfanoni huɗu ne ke riƙe da mafi yawan kasuwar cikin gida. Abin da ya burge ni shi ne a cikin dokar suka sa tallafi na musamman don kar a guje wa ƙananan garuruwa, sun san ɗan kasuwa inda fasinja ya fi yawa zai bi. Irin wannan tunanin nake so a yi wa Gombe da Bauchi.

Zan sake hawa dai, tunda babu yadda zan yi. In kana da taro ko ganin likita a Abuja, sayi tikitin da wuri kuma ka tafi tun ana gobe, sannan ka ajiye saƙonnin ɗagewar a waya, NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, na karɓar ƙorafin fasinja.