Batir mai caji ko alkalin: wanda ya dace da tocilar shiga daji

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka tambayi wane batir ne ya dace da tocilar shiga daji. Tsakanin batirin alkalin da ake jefarwa idan ya ƙare da mai caji nau'in NiMH da ka ambata, shawarata ita ce ka sayi mai caji, ka haɗa da caja wadda ke kula da kowane batir shi kaɗai.

Ni batiran NiMH samfurin Eneloop girman AA nake amfani da su, kuma na ƙara yarda da su ne a wani dare da ruwan sama ya tsare mu a daji, muka yi ta laluben hanya cikin sanyi har kusan asuba. Fitilun abokan tafiyata masu batirin alkalin sun fara dushewa tun tsakar dare, tawa kuwa haskenta bai canza ba, har ita muka bi muka fita. Dalili shi ne alkalin yana farawa da bolt 1.5, amma ƙarfinsa yana ta sauka tun daga lokacin da aka kunna fitila, sannan sanyi da tocila mai jan wuta sosai suna ƙara gajiyar da shi. NiMH bolt 1.2 ne kawai, sai dai yana tsayawa kusa da wannan ma'auni har ya kusa ƙarewa, ana iya cajinsa sau ɗaruruwa, kuma irin na Eneloop yakan yi watanni a ajiye bai zubar da mafi yawan wutarsa ba. Abin lura shi ne idan zai mutu ba ya jan lokaci, don haka kada ka fita ba tare da wasu cikakku a jaka ba.

Alkalin ana samunsa ko'ina, iyakar abin yabonsa ke nan. Idan ya daɗe cikin tocila yakan tsiyayar da ruwa ya cinye ƙarafunan ciki.

Ka yi hattara da 'yan kasuwa marasa amana. NiMH girman AA na gaskiya bai kai mAh 3000 ba (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), saboda haka duk wanda aka rubuta wa 4000 ko fiye ƙarya ce, komai kyan kwalinsa. Wasu kuma za su miƙa maka wani batir da ake kira 14500 su ce ai duk ɗaya ne. Girmansa daidai da AA, amma lithiyum ne mai bolt 3.7, kuma yana iya ƙona tocilar da ba a ƙera ta dominsa ba.